Ganyen kale yana ƙonewa a tanderun gas, a taimaka mini

Salama alaikum ƴan'uwa. Daga Yamai nake. Ina so in riƙa gasa wa yara ganyen kale (wani ganye ne dangin kabeji) ya yi ƙaras-ƙaras, su rage cin biskit da soye-soyen hanya, amma abin ya gagare ni.

Ganyen wurin mai lambu na bakin kogi nake saye, ɗanye shar. Nakan cire jijiyar tsakiya, in yayyage shi, in wanke da ruwan gishiri, in tsane a kwando, in goge da tsumma mai tsabta. Sai in murza masa man gyaɗa cokali 1, in baza a faranti ba tare da wani ya hau wani ba. An ce wuta ta kasance digiri 150, minti 15 zuwa 20. To tanderuna na gas ne, ba ya nuna digiri, lambobi kawai gare shi, kuma wutar daga ƙasa take fitowa.

Kafin minti 10 gefen ganyen ya yi baƙi yana ɗaci, tsakiya kuwa laushi kamar dafaffen zogale. Na rage wuta har ƙarshe, na mai da farantin sama, na daina sa gishiri sai an sauke, tunda gishiri yana jawo ruwa. Ƙunar ta ragu kaɗan, laushin yana nan. Ga ganyen da tsada, asarar tana ci mini rai.

A tanderun gas marar ma'aunin zafi, yaya zan yi ganyen ya bushe gaba ɗaya kafin gefensa ya ƙone? Na gode.