Ƙiba ce matsalar ko rashin motsa jiki? Dan Allah masana ku shigo

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah tsakanin nauyin jiki da ƙarfin jiki wanne ya fi muhimmanci ga lafiyar mutum? Ni dai na haura shekara 40, kilona 96 tsayina kuma mita 1.72, duk wanda ya gan ni ya san ina da jiki, amma wallahi har yanzu ina buga ƙwallo da samari a filin unguwa Asabar da Lahadi kuma kasuwa a ƙafa nake zuwa ba na haki. Ƙanina kuwa siriri ne sosai, daga mota sai ofis, bene hawa biyu idan ya hau sai ya tsaya ya huta, kuma shi aka ɗora wa maganin hawan jini ba ni ba. Amma duk sanda na je asibiti ina sauka daga sikeli maganar ɗaya ce, Alhaji a rage ƙiba. Shi ba wanda ya taɓa yi masa maganar zaman da yake yi. To ni lafiyayye ne ko yaudarar kaina nake?

Abu Sadiq:
Wa alaikumus salam Yaya. Wannan gardamar su kansu masana sun daɗe suna yin ta. Akwai wani masani ɗan Amurka, Steven Blair, da ya yi aiki a cibiyar Cooper da ke Dallas, su ba tambayar mutum suke yi wai kana motsa jiki ko ba ka yi ba, a'a ɗora ka suke yi a kan injin gudu har sai ka gaji a ga iya juriyarka, sannan a bi ka shekara da shekaru a ga yadda ta kaya. A 1999 sun fitar da sakamako kan maza sama da 25,000, kuma abin da ya fito shi ne rashin juriya yana da haɗari ga siriri da mai jiki baki ɗaya. A 2014 wasu masana sun tattara bincike da dama irin wannan suka ga wanda ba shi da juriya haɗarin mutuwar wuri a kansa ya kai kusan ninki biyu ko nawa ne nauyinsa, mai ƙiba da ke da juriya kuma kusan sahu ɗaya yake da siriri mai juriya.

Don haka ni a ganina ƙaninka ya fi ka buƙatar a zaunar da shi a yi masa magana. Shi wannan lissafin BMI da ake yanke hukunci da shi ma, nauyi ne kawai ake rabawa da tsayi sau tsayi, bai san tsoka ba bai san kitse ba, ɗan dambe mai murɗaɗɗen jiki sai ya fito a sahun masu ƙiba.

Maman Ilham:
Malam Abu Sadiq abin da ka kawo gaskiya ne amma dan Allah kar mu sa bawan Allah ya saki jiki. Ni nas ce, kullum ina ganin masu cewa ai ni garau nake, sai an soki yatsa a ga suga ya hau. Binciken da ka ambata magana yake kan mutuwa, akwai kuma maganar cutar da mutum zai yi ta fama da ita yana raye. A 2021 an fitar da wani bincike daga Sifen kan mutum sama da 500,000, an ga motsa jiki yana rage haɗari a kowane nauyi, wannan ba musu, amma duk da haka mai ƙiba da ke motsa jiki ya fi siririn da ba ya yi yawan kamuwa da ciwon suga kusan sau 4, hawan jini kuma kusan sau 5. Wato ƙwallo tana taimakonka sosai amma ba ta goge komai ba.

Baban Khalifa na lissafa BMI ɗinka ya kama 32 da ɗoriya, daga 30 ake cewa ƙiba, shi ya sa suke maka maganar. Amma ni abin da na fi so in sani shi ne ina kitsen ya taru. Na cinya da ɗuwawu da sauƙi, na tumbi shi ne mugun, domin ba a ƙarƙashin fata kaɗai yake tsayawa ba, yana kewaye hanji yana shiga hanta, daga nan jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Ka ari tef ɗin tela ka auna cikinka daidai ɗan sama da cibiya, kana tsaye, ka saki numfashi kar ka shanye ciki. Abin da ake so kar ya kai rabin tsayinka, kai naka kenan ƙasa da santimita 86.

Hajiya Umma:
Ni abin da ke ƙona min rai a wannan magana yadda muka mai da jiki abin kallon mutane. Yarinya za a yi mata aure ta je ta sayi sha-ka-fashe don kar dangin miji su ce ramammiya ce, wani cikinsa kuma maganin dexamethasone ne da ke kumbura fuska ya tayar da suga da hawan jini. Bayan haihuwa biyu uku kuma ita ce dai za ka gani tana bin masu tallan shayin rage tumbi a Facebook, wanda zawo kawai yake sa ta. Duk cikin biyun ba wanda ya taɓa tambayarta ko za ta iya tafiyar rabin awa ba ta zauna ba. Mu mata ma ina wajen motsa jikin yake? Mace ta fito da asuba tana sauri a layi sai a hau yi da ita.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Maman Ilham na auna yanzun nan, 104 ya nuna. Kuma mahaifinmu Allah ya jiƙansa ciwon suga ne ya wahalar da shi a ƙarshe. Me kike ganin ya kamata in fara yi?

Maman Ilham:
Allah ya jiƙan Baba. To da 104 ga kuma tarihin gida, fara da gwajin suga da safe kafin ka ci komai, in da hali a haɗa da HbA1c wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, sai awon jini da na kitsen jini. Kar ka jira sai ka ji wani abu, dukkansu shiru suke farawa.

Kuma ba cewa ake ka koma kamar ƙaninka ba fa. A Amurka an yi wani babban gwaji da aka fitar a 2002 kan mutum sama da 3,000 da suke dab da kamuwa da suga, waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a mako kamuwarsu ta ragu da kashi 58, masu shan maganin suga na metformin kuwa kashi 31. Kai kashi 7 ɗinka bai kai kilo 7 ba ma. Tunda ƙafarka na aiki, wajen baki za ka duba, lemon kwalba da ake sha a shago saboda zafi, shayin safe mai cokali uku huɗu na suga da burodi, sai malmalar tuwo biyu da daddare a kwanta a kai. Gwiwarka ma za ta samu sauƙi a fili, don duk kilo ɗaya da ya sauka kusan kilo huɗu ne ya ragu a kanta a kowane taku.

Ƙaninka kuma ka ja shi ku dinga fita tare, tafiya mai ɗan sauri ta minti 30 kwana biyar a mako ta cika adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, amma da yake yana da hawan jini ya fara faɗa wa likitansa wannan hakin da yake yi a bene kafin ya shiga fili.