Ranar Talata za a yi min allurar gwiwa, tsoro ya hana ni barci

Maman Ummi, Daura:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda aka taɓa yi wa allurar sitiroid a cikin gwiwa ya taimaka min da bayani, ranar Talata mai zuwa aka ba ni kuma wallahi tun da na dawo daga asibiti ban yi barcin kirki ba.

Shekarata 48, ɗinki nake yi a gida da keken ƙafa, na kusa shekara 20 ina taka shi. Gwiwar dama ce, ta fi shekara 4 tana damuna, da can sai hunturu take tashi yanzu kam ba rani ba damina. A kan kujera nake sallah, rabon da in kai goshina ƙasa tun azumin bara, kuma wannan ya fi ci min rai a kan ciwon kansa. Na sha diklofenak har ya tayar min da gyambon ciki likita ya ce in bari, na shafa man kaɗanya na shafa man zafi, na je gashi, sai ta ɗan lafa ta dawo. Da aka yi hoton ƙashi a Katsina likitan ya nuna min ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya cinye, shi ya sa in na miƙe nake jin kamar ana murza tsakuwa a ciki, ya ce a gwada allura.

To ga inda gizo ke saƙar. Muna yara zazzaɓi ya kama ƙanena yana ɗan shekara 5, aka kai shi wani kemis aka yi masa allura a ɗuwawu, daga ranar ƙafarsa ta hagu ba ta sake komawa daidai ba, har yau jan ta yake yi. Ni na goya shi zuwa wurin, ni na riƙe masa hannu. Tun daga nan ko jini za a ɗiba sai jikina ya ɗau rawa gumi ya karyo min, sau ɗaya ma na taɓa suma a awon ciki. Yanzu a ce cikin gwiwa za a soka.

Ga kuma maganar mutane, maƙwabciyata ta ce sitiroid shi ne wanda 'yan mata ke sha su yi ƙiba wai fuskata za ta kumbura, wata ta ce in aka fara ba a dainawa. Maigida ya ce in ba na so a fasa, ni kuma ina so in yi sujada. Akwai zafi sosai? Tana iya shanye ƙafa? Kuma ya zan yi da wannan faɗuwar gaban?

Nas daga Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam Anti, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma na sha tsayawa kusa da likita ana wannan allurar, bari in fara da maganar ƙanenki don na ga ita ce tushen tsoron, kuma wallahi duk wanda ya ga abin da kika gani dole ya ji haka.

Akwai wata babbar jijiya da ta fito daga ƙasan baya ta ratsa ta ɗuwawu ta gangara bayan cinya har ƙafa, in wanda bai iya ba ya soka allura ba a wurin da ya dace ba, musamman ga ƙaramin yaro da ba shi da tsoka, yana iya taɓa ta ƙafar ta shanye. Taki daban ce. Ta gefen ƙoƙon gwiwa ko ta gabansa ake shiga, cikin sararin da ruwan gaɓa yake, manyan jijiyoyin kuwa ta bayan gwiwa suke wucewa, nesa da inda allurar ke bi.

Yadda ake yi: za ki kwanta ko ki zauna, likita ya lalubi wurin da yatsa ya sa alama, a goge da aidin ko sifirit, sai a soka. Yawanci ana haɗa maganin, irin su Kenalog ko Depo-Medrol, da maganin kashe zafi lidoken. In akwai ruwa da ya taru a gwiwar wani lokaci a fara zuƙe shi da sirinji. Abin da za ki ji shi ne tsinin shigar allurar sai wani nauyi kamar ana cika wurin, sokawar kanta ba ta cika wuce minti ɗaya ba, shirin ne ma ya fi ɗaukar lokaci.

Tunda kin taɓa suma, ki faɗa masu tun kafin a fara, kar ki ji kunya, ki ce a kwance kike so a yi maki. Sumar nan jini ne ke sauka farat ɗaya saboda tsoro, in kina kwance da wuya ta zo. Ki karya kumallo kafin ki fito, allurar gwiwa ba a hana cin abinci, ki sha ruwa, ki sa zane ko siket mai faɗi, bayan an gama ki zauna kamar minti 15 kafin ki tashi.

Maganar ƙiba kuma, wanda 'yan mata ke sha irin su deksa ƙwaya ce da suke haɗiya kullum wata da watanni ba da izinin likita ba, ita ke kumbura fuska ta lalata ƙashi ta kawo suga. Dangin magani ɗaya ne, gaskiya ne, amma allura ɗaya a gaɓa ba ta yin wannan aikin. Kuma ba ta sa jaraba, asali ma likita ba zai yarda ya yi ta maimaitawa ba, galibi ana barin aƙalla wata 3 tsakani kuma ba a so ta wuce sau 3 ko 4 a shekara a gaɓa ɗaya don yawanta na iya ƙara cutar da guringuntsin.

Abin da dole ki gaya wa likita: in kina da ciwon suga, in kina shan maganin tsinka jini kamar wafarin ko asfirin, in kina zazzaɓi ko akwai ƙurji ko rauni a kusa da gwiwar, in kuma wani magani ya taɓa yi maki borin jini.

Malam mai ritaya, Sabuwar Unguwa:

Hajiya sannu da jiki. Ni a kafaɗa aka yi mani shekara 2 da suka wuce, ta sandare har babbar riga sai an taya ni sawa. Na koyar da ilimin halittu shekara 30 amma daren da za a yi ban runtsa ba, don haka kar ki ɗauka raunin imani ne ko ƙarancin sani, jiki ne kawai yake aikinsa.

Abin da ya fara kwantar mani da hankali shi ne da na tuna cewa jikinmu da kansa yana yin irin wannan sinadarin, kotisol, daga wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, aikinsa har da kwantar da kumburi. Kuma maganin ba sabo ba ne da za a ce a kanmu ake gwaji, tun 1948 wani likita Philip Hench ya fara ba wata mai amosanin gaɓɓai kotizon a asibitin Mayo da ke Amurka, a 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu mutum biyu, farkon shekarun 1950 ɗin kuma aka fara yin ta kai tsaye cikin gaɓa. Kin ga an haura shekara 70.

A ranar, babban ɗana ya raka ni. Muna kan benci muna jiran layi bakina ya bushe ƙaf hannuna ya yi sanyi, sai na ɗora tafina a kan kafaɗar na yi addu'ar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa Usman bin Abil As, Bismillah sau 3, sannan a'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru sau 7. Na haɗa da numfashi, in ja ta hanci a hankali ina ƙirga 4 in sake ta baki ina ƙirga 6, fitarwar ta fi jan tsawo, ita ke rage bugun zuciya. Ki fara gwadawa tun yau in kin kwanta don ranar ya zama kin saba. Da na shiga na ce wa likitan, yaro, ni fa tsoro nake ji, kar ka nuna mani allurar, ka dai gaya mani in za ka soka. Na juya kai ina kallon wata kalanda a bango ina karanta ranakun. Ban kai ƙarshen sati na biyu ba ya ce Baba an gama.

Ki tafi da wanda hankalinki ke kwanciya da shi, ba mai yawan labarin wane ya mutu wane ya nakasa ba. Kuma daga nan zuwa Talata ki rage zama da masu ba ki tsoro.

Uwar Biyu:

Yaya ni dai abu biyu zan ƙara don ba wanda ya gaya mani su sai da na gani da idona. Ina da suga, bayan allurar da na gwada da safe na ga ta hau sosai fiye da yadda na saba gani, hankalina ya tashi na kira likita cikin dare ya ce ai haka take yi wa masu suga na 'yan kwanaki, in riƙa gwadawa in kula da abinci, kafin sati ta fara sauka. To in kina da shi ki tanadi abin gwajinki. Na biyu kuma ranar da aka yi na ji garau har na ce na warke, ashe maganin kashe zafin ne, da ya sake ni da daddare gwiwar ta yi ta zugi kwana 2 fiye da da, na yi kuka na ce an lalata mani ƙafa. Ƙanƙara na riƙa naɗewa a tawul ina ɗorawa da farasitamol, rana ta huɗu na fara jin sauƙi. Fuskata ma ta yi ɗumi kwana ɗaya barci ya ɗan ƙi, sannan wurin da aka soka fatar ta ɗan yi haske kamar kwabo, da sannu ta koma.

Abban Sadik, Kasuwar Tsakiya:

Hajiya ni ba zan ɓoye maki ba, an yi mani kuma sati 6 kawai na ji daɗinta ciwon ya dawo. Ba ina hana ki ba ne, amma kar ki sa rai cewa guringuntsin zai tsiro, kumburi take kwantarwa ta ba ki sarari. Kuskurena shi ne da na ji sauƙi na koma ɗaukar buhu na watsar da motsa jikin da masu gashi suka koya mani. Wasu tana kai masu wata 3 ko fiye, kowa da jikinsa. In kin samu sauƙin ki yi amfani da shi ki ƙarfafa tsokar cinya, in da nauyi a ɗan rage.

Maman Ummi, Daura:

Na dawo 'yan uwa, Allah ya saka da alheri, jiya aka yi. Da ɗiyata muka tafi tun da sassafe, a mota na yi ta numfashin da Malam ya ce. Da muka shiga na ba likitan labarin ƙanena, muryata na rawa, ya ajiye abin da ke hannunsa ya kama yatsana ya ɗora a gefen gwiwar ya ce ga inda zan shiga, ya taɓa bayanta ya ce jijiyoyin suna nan ba ruwana da su. A kwance aka yi, Ummi na riƙe da hannuna, na ji tsinin na ji nauyin, hawaye sun zubo amma ban suma ba, ya zuƙe ruwa rawaya kusan rabin sirinji. Da ƙafata na taka har bakin titi muka hau Napep. Da na isa gida ƙanena na fara kira.

Yanzu dai tana zugi kamar yadda Uwar Biyu ta faɗa, na ɗora ƙanƙara. Nas dan Allah yaushe zan koma kan keke, akwai ɗinkin biki da na karɓa, kuma yaushe zan gwada sujada?

Nas daga Ƙofar Ƙaura:

Alhamdulillah Anti, barka. Ki huta mata kwana 2 cikakku, keken kuma ki bari zugin ya wuce tukuna sannan ki fara kaɗan kaɗan kina tashi kina miƙe ƙafa, in Ummi ta iya ta kama maki ɗinkin wannan satin. Sujada kar ki yi gaggawa, ki ba maganin sati ɗaya zuwa biyu ya zauna, ki tambayi likitan ko mai gashi ranar komawa, in sun yarda ki fara a kan shimfiɗa mai laushi da kujera a kusa da za ki dafa. Amma in zugin ya wuce kwana 3 yana ƙaruwa, ko gwiwar ta kumbura ta yi zafi rau, ko zazzaɓi ya rufe ki, kar ki jira ranar da aka ba ki, ki koma asibiti a ranar ko da dare ne.