Neman kalmar Hausa: me za mu kira "évolution spirituelle collective"?

Salamu alaikum ƴan'uwa. Malaman falsafa na lise a nan Maradi, da masu fassara a gidajen rediyo, ku matso kusa, akwai aiki.

Cikin takardun da ake raba wa ƴan ajin tarminal, wato ajin ƙarshe na lise, akwai jimlar da ke cewa noosphère ita ce "évolution spirituelle collective" ta ɗan Adam. Yara sun haddace ta tsaf, amma ka ce wa ɗayansu ya faɗa maka da Hausa, sai ya yi shiru. Na ga wata takarda da aka ja wa jimlar layi da jan biro, aka rubuta a gefe: "juyin halittar ruhi". Wannan fassara ce ta tayar mini da hankali.

Mu fara da masu maganar. Kalmar noosphère ta fito ne a Faris cikin shekarun 1920, tsakanin mutum uku: Pierre Teilhard de Chardin, masanin falsafa na Faransa Édouard Le Roy da masanin Rasha Vladimir Vernadsky. Tushenta Girkanci ne, "nous", wato hankali. Teilhard (1881 zuwa 1955) limamin Katolika ne, kuma masanin tsofaffin ƙasusuwa, ya daɗe yana aikin tono a ƙasar Sin. Shugabannin cocinsa sun hana shi buga littafinsa Le Phénomène humain, sai bayan mutuwarsa a 1955 ya fito. Abin da yake cewa a taƙaice: da fari akwai ƙasa da duwatsu, sannan masu rai suka lulluɓe ta, sannan tunanin mutane ya zo ya lulluɓe su duka, wannan lulluɓin na tunani shi ne noosphère. Kuma wannan tunani yana ƙara haɗuwa wuri guda, zamani bayan zamani.

To, "juyi" bai karɓi wannan ba. Juyi a bakinmu kifarwa ce ta farat ɗaya, shi ya sa muke cewa juyin mulki, juyin juya hali. Shi kuwa Teilhard abin da ke tafiya sannu a hankali cikin dubban shekaru yake nufi. "Ci gaba" kuma tuni kwalta da lantarki da famfo suka cinye ta. "Rikiɗa" na ajiye ta gefe, don kowa ya san wane ne ke rikiɗa a tatsuniya.

Inda gizo ke saƙar shi ne "spirituelle". Bafaranshe yana da kalma ɗaya, esprit, da ita yake kiran ruhi, da ita kuma yake kiran hankali. Mu mun raba su, kuma rabon yana da nauyi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san aya ta 85 a Suratul Isra'i, inda aka ce ruhi daga al'amarin Ubangiji yake. Ka tsaya gaban aji ka ce ruhi yana juyawa yana sauya halitta, ka jefa yaro cikin rigimar da jimlar ba ta ɗauko ba, kuma da yamma uban yaron zai ji labari. In ka ce "ruhaniya", a Maradi da Tibiri tunanin mutane wajen rauhanai da ƴan bori zai tafi. Ba nan aka dosa ba.

Ni "hankali" na zaɓa. Wani zai ce ai hankali aikin ƙwaƙwalwa ne kawai, an zubar da ɓangaren zuciya. Ban yarda ba. In tsohuwa ta ce wa jikanta "yaron nan akwai hankali", ba lissafi take yabo ba. Ladabi take nufi, da kunya, da sanin girman mutane, da tausayi. Hankalin Hausa ya riga ya ɗauko sani da hali a tare, kuma abin da Teilhard ke so ke nan.

Wani malami, babba gare ni, ya aiko da shawarar "taraƙƙi", kamar yadda ake ji a zawiyoyi. Allah ya gafarta Malam, kalmar tana da kyau, kuma akwai hawa daraja a cikinta. Sai dai taraƙƙi tafiyar murid ɗaya ce a hannun shehinsa, kowa da matsayinsa. Jimlarmu kuwa ba ta maganar mutum ɗaya. Sannan ban so mu ari rigar ɗarika mu sanya wa ra'ayin limamin coci, don duka biyun za mu cutar.

Shi ya kawo mu "collective". "Gama-gari" na nufin abin da kowa ke da shi, kowa nasa daban. Ba shi ba ne. Ni gayya nake gani. Wanda ya taɓa halartar gayyar noma a ƙauyukan Gidan Rumji ko Madarunfa ya san yadda take: kowa ya zo da hauyarsa, an jeru a kunya, makaɗi na biye yana zuga, ƙwaryar fura na jira a inuwa, kafin azahar an share gonar da mutum ɗaya zai yi kwanaki a cikinta. Ba wanda zai nuna wuri ya ce nan ni kaɗai na nome. Haka rubutu da lissafi da magani da shari'a suka taru a hannun ɗan Adam. Don haka noosphère, a wurina, "hankalin gayya".

Wata ƴar'uwa ta ce gayya ai tana da mai ita. Gaskiyarki Yaya, kuma wannan ma ƙarfi ya ƙara wa kalmar. Teilhard ya ce tafiyar tana da maƙura da ya kira Omega, kuma a aƙidarsa ta Kirista Almasihu yake nufi. Dole malami ya gaya wa ɗalibai haka ƙarara, su san fassara ra'ayin mutum daban, yarda da shi daban. Vernadsky shi ta fuskar kimiyya ya ɗauki abin: yadda tunanin mutum ya zama ƙarfin da ke sauya doron ƙasa. Senghor, shugaban ƙasar Senegal na farko, kuma ya sha daga Teilhard sosai a maganarsa ta wayewar da kowace al'umma ke kawo nata kason.

Saura évolution. Na tsaya a kan "tasowa". Muna cewa yaro mai tasowa, ba wanda ya ga ranar da ya girma, amma kowa ya ga ya girma. Akwai sannu-sannu a ciki, akwai hawa, akwai dosar wani wuri.

Ga jimlar yadda zan faɗe ta a aji: hankalin gayya shi ne sani da halin kirki da ƴan Adam ke tarawa tare, yana tasowa daga zamani zuwa zamani. A gajarce, "tasowar hankalin gayya".

Wannan "tasowa" ta jimlar nan ce kaɗai, ban ce a kai ta darasin Darwin ba, can maganar daban ce. Malaman lise, ku gwada ta a aji wannan makon ku dawo mana da abin da yara suka ce, musamman waɗanda suka taso a gari ba su taɓa ganin gayya ba.