Me Za Mu Kira "Easter Egg" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Kalmar da nake so mu tsayar wa suna yau ita ce wadda Turawa ke cewa "Easter egg", wato abin da mai zane ko mai shirya wasan kwamfuta yake ɓoyewa da gangan a cikin aikinsa, bai sanar da kowa ba, sai mai lura ya gano. Sunan ya samo asali ne daga al'adar ɓoye ƙwai masu launi lokacin bikin Ista domin yara su nema, kuma ya shiga harkar kwamfuta bayan da Warren Robinett ya ɓoye sunansa a cikin wasan Adventure na kamfanin Atari, wanda ya fito a 1980.

Domin mu san abin da muke nema wa suna, ga misalin da ya sa na tayar da maganar. A ranar 25 ga Maris, 2013, Randall Munroe, Ba'amurken da ke zana xkcd, wani jerin zanen barkwanci da ake wallafawa a intanet, ya saki zane mai lamba 1190: mutum biyu zaune a kan rairayi, babu wani bayani. Masu bibiyarsa suka lura hoton yana sauyawa kaɗan-kaɗan, da farko duk rabin awa, daga baya duk awa guda, har aka shafe wata huɗu, hotuna suka haura 3,000. Da dare ya yi a cikin labarin, taurari suka bayyana, sai masu ilmin falaki daga cikinsu suka auna matsayinsu, suka gano cewa sararin samaniyar nan ba ta zamaninmu ba ce, ta wajen shekara 11,000 nan gaba ce, kuma tauraron Antares ba ya nan. Wasu suka bi yanayin ƙasa da yadda ruwa ke hauhawa, har aka tabbatar cewa a cikin kwarin Bahar Rum ake bayan ya ƙafe, ruwa yana shirin sake cika shi kamar yadda ya faru fiye da shekara miliyan 5 da suka wuce. Aikin ya ci lambar yabo ta Hugo, wadda ake bai wa ƙagaggun labaran kimiyya da na almara, a 2014.

Wani ɗan'uwa ya ce mu fassara kai tsaye mu ce "ƙwan Ista". Malam, ina ganin wannan ba zai karɓu ba, domin wanda bai san al'adar ba zai zaci abinci ake nufi. Wata malama ta kawo "kacici-kacici", kuma shawararta ta fi kusa, amma akwai bambanci. Mai kacici-kacici yana sanar da kai cewa tambaya ce, yana zaune yana jiran amsa, idan ka kasa ka ba shi gari ya faɗa maka. Munroe kuwa bai ce wa kowa akwai tambaya a cikin taurarin nan ba. Zaurance ma bai dace ba, tunda shi tsakanin waɗanda suka riga suka san dabarar ake yinsa, habaici kuma yana da wanda ake nufi da dafin da ake so ya ji.

Na daɗe ina jujjuya "dami a kala", don yana da daɗin faɗa kuma yana ɗauke da murnar wanda ya yi tsintuwa. Abin da ya sa na ajiye shi shi ne damin da ake tsinta a kala mantuwa ce ta mai gona, alhali abin da muke magana a kai an sa shi ne da niyya, an kuma sha wahala wajen sa shi.

Shawarata ita ce "ƙullin zane". Kowa ya san yadda iyayenmu mata ke ƙulle kuɗi ko goro a bakin zane: abin yana jikinta kowa na kallo, amma sai an kwance ake sanin me ke ciki. Ga shi kuma a rubuce zanen ɗaurawa da zanen alƙalami ɗaya suke, ko da yake furucinsu ya bambanta. Kalmar tana zuwa da aikatau nata, wanda sauran ba su da shi: mai zane ya ƙulla, masu kallo su kwance. Idan a wasan kwamfuta ne sai a ce ƙullin wasa, a fim kuma ƙullin fim.

Na san Malam zai ce ƙulli yana da wata fuska ta sharri da makirci. Haka ne, amma idan an haɗa shi da zane, tunanin Bahaushe bakin zanen kakarsa zai tafi.

Saura sunan aikin taron, inda wannan ya kawo ilmin taurari, wancan na taswira, wani kuma ya kwana yana adana kowane hoto kafin ya sauya. A nan ba mu buƙatar ƙirƙira, domin gayya ce. Sai mu ce: masu bibiyar xkcd sun yi gayyar kwance ƙullin zane mai lamba 1190. Ku gwada jimlar a bakinku, wanda ya ji ta yi masa nauyi ya kawo tasa.