Musayar Waƙa a Kan Afuwar Shugaban Ƙasa

Dattijon Kwarbai:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota alƙalami. Tun da aka fitar da sunayen mutum 175 da Shugaba Tinubu ya yi wa afuwa a watan Oktoban 2025, zancen bai kwanta ba a zaurukan cikin Birnin Zariya, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna shi a waƙe. Na ɗauki ƙwar biyu, kuma wanda zai amsa mini yana iya zaɓar nasa amsa-amon.

Da sunan Allah Gafuru na ɗauki alƙalami,
Wanda rahamarSa ba ta da ranar ƙarewa.

Salati ga Manzo, wanda ranar buɗe Makka,
Ya ce wa maƙiyansa su tafi, babu ramuwa.

Ni ina cikin masu kare wannan iko,
Domin ƙasar da ba a yafiya tana wargajewa.

A 1966 Gowon ya buɗe kurkukun Kalaba,
Awolowo ya fito, ya riƙe baitulmali da ƙwarewa.

Shagari ya yafe wa Gowon a 1981,
A 1982 Ojukwu ya sami izinin dawowa.

Wanda ya ja Biyafara yaƙin wata talatin,
Ya shiga NPN, aka ci gaba da shi ana damawa.

Obasanjo na tsare a Yola da Abacha ya rasu,
Abdulsalami ya sake shi, ya yi masa afuwa.

In da an datse wannan ƙofa tun farko,
Yaushe raunin ƙasar nan zai kai ga warkewa?

Ɗalibar Kongo:

Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Ban isa in ja da kai a tarihi ba, amma a matsayina na mai koyon aikin lauya, ina roƙon ka ba ni dama in bambanta tsakanin misalan da ka kawo da waɗanda suke ɓata wa jama'a rai.

Baba, ikon da kake karewa a rubuce yake,
Sashe na 175 na tsarin mulki bai ɓoye shi ba.

Shugaba zai shawarci Majalisar Magabata ta Ƙasa ya yafe,
Amma dokar ba ta ce sai ya faɗi dalili ba.

Gwamna ma yana da nasa a sashe na 212,
A laifin jiha, hannunsa bai kai na tarayya ba.

Waɗanda ka lissafa rikicin mulki ne ya shafe su,
Ba kuɗin asibiti da makaranta suka ci ba.

A 2013 Jonathan ya wanke Alamieyeseigha,
Wanda ya amsa laifinsa a kotu, bai musa ba.

Tsohon ubangidansa ne a gwamnatin Bayelsa,
Kuma babu wanda bai lura da wannan ba.

A 2022 Buhari ya yafe wa tsofaffin gwamnoni Dariye da Nyame,
Alhali Kotun Ƙoli ba ta wanke su ba.

Fiye da shekara goma EFCC na jan shari'arsu,
Aka buɗe musu Kuje, rabin wa'adi bai cika ba.

Jami'in da ya ƙi toshiya ya kai su gaban alƙali,
Wa zai ga laifinsa gobe in bai sake dagewa ba?

Malamin Tudun Wada:

Alhaji, Allah ya ja kwana. 'Yarmu ta Kongo ta kawo abin da tsarin mulki ya ce, ni kuwa zan tsaya a kan misalin da ka buɗe da shi, domin akwai haƙƙin da shugaba ke da damar yafewa, akwai kuma wanda ba nasa ba ne. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, ko magada sun yafe kisan ganganci, mai kisan yana shan bulala 100 da ɗaurin shekara guda.

Ranar Makka haƙƙin kansa Manzo ya yafe,
Cutar da aka yi masa ce ya share daga zuciya.

Amma da wata mata ta babban gida ta yi sata,
Aka tura Usama ya roƙar wa Makhzumiyya,

Fuskarsa ta sauya, ya miƙe ya yi huɗuba,
Ya ce ko Faɗimatu ce ba za ta tsira ba don tana ɗiya.

Ya ce abin da ya halaka al'ummun farko ke nan,
A kama mai rauni, a ƙyale ɗan babbar zuriya.

Jini kuwa a shari'armu haƙƙin magada ne,
Su ke zaɓar ƙisasi, ko yafewa, ko diyya.

Aya ta 178 a Baƙara su ta danƙa wa,
Ba ta ba sarki ba, komai girmansa a duniya.

Maryam Sanda da kotun Abuja ta yanke wa kisa a 2020 kan kashe mijinta,
Da sunanta ya fito a jerin afuwa, gari ya ɗauki hayaniya.

Sashen dangin mijin suka ce an fama musu rauni,
Wani ya ce ya yafe tuni, yana son zaman lafiya.

Irin wannan a zauren magada ake warware shi,
Sanarwar fadar shugaba ba ta kashe tankiya.

Baƙon Samaru:

Allah ya gafarta Malam. Tawa gajeriya ce.

Kada mu ɗauka ciwon na Nijeriya ne kaɗai,
Amurkawa ma suna fama da shi a gidansu.

Ford ya yafe wa Nixon a 1974 tun ba a gurfanar da shi ba,
Biden ya yafe wa ɗansa, ya warware alkawarin da ya yi musu.

Trump ya dawo a Janairun 2025, a ranar farko,
Wajen 1,500 da suka afka wa majalisa ya sallame su.

A nan an yafe wa Vatsa da aka harbe a 1986,
Da Saro-Wiwa da takwas ɗin da Abacha ya rataye su.

Mutanen Ogoni suka ce mai laifi ake yafe wa,
Abin da suke nema shi ne a wanke sunansu.

Uwargidan Ƙofar Doka:

Ina gaida iyayena da malamaina. Na ji ana ta ambaton gwamnoni da janar-janar, ban ji wanda ya ambaci mutanen da ba a san sunayensu ba, shi ya sa na yi ƙarfin halin saka baki.

Malamai, ku gafarce ni, karatuna bai yi zurfi ba,
Gidanmu dai na kusa da gidan yarin Ƙofar Doka.

Ina ganin iyaye mata da kwanon tuwo a hannu,
Suna jiran a kira su, wata tana ɓoye kuka.

Kusan kashi biyu cikin uku na tsararrun ƙasar nan,
Jiran shari'a suke, shekaru na wucewa a haka.

Wani tarar da ba ta kai buhun masara ba ta riƙe shi,
Wani beli ya gagara domin shi ɗan talaka.

Babban alƙalin jiha kan zo ya sallami kaɗan,
Sauran su koma ɗaki a mayar da sarƙa.

Jerin Abuja sai mai wanda zai kai sunansa,
Alhaji, ka sa waɗannan ma a cikin lissafinka.

Dattijon Kwarbai:

Hajiya, na sa su, Allah ya kawo musu mafita. Sai dai har yanzu ina kan bakana cewa gyara ikon ake yi, ba rushe shi ba, kuma abin da ya faru a ƙarshen watan Oktoban 2025 shi ne hujjata.

Da jama'a suka yi ca, fadar ta sake duba jerin,
Masu garkuwa da dillalan ƙwaya aka yi ta cirewa.

Matar can aka mayar da nata ɗaurin shekara 12,
Ofishin kwamitin afuwa kuwa, Ma'aikatar Shari'a aka miƙa wa.

'Yata ta Kongo, ga tambayar da ta tsaya mini:
Afuwar da aka shelanta ana iya janyewa?

Ɗalibar Kongo:

Baba, abin da Ministan Shari'a Fagbemi ya faɗa,
Sanarwa ce aka yi, takardar saki ba ta fita ba.

Sai shugaba ya sa hannu an kai wa gandurobobi,
Kuma a lokacin ko mutum ɗaya ba a buɗe wa ba.