Kafin a tafi dogon hutu: yaya ake tattara fayiloli da na'urorin aji?

Malamar Aji Biyar:

Assalamu alaikum malamai. Saura mako biyu a rufe makaranta. Ina da ajujuwa a Google Classroom, Drive ɗin makaranta ya cika da takardun darasi da ayyukan yara, ga kuma kwamfutoci da majigi da firinta da za a kulle har a dawo. Akwai yiwuwar a canza min makaranta, wato za a rufe asusun da nake aiki da shi. Da me zan fara, me zan goge, me zan bari? Don Allah a ba ni shi daki-daki.

Mai Kula da Kwamfutoci:

Wa alaikumus salam Malama. Tunda akwai maganar rufe asusu, daga nan za ki fara. Na'urori suna iya jira har ranar ƙarshe, kwafar fayiloli kuwa tana cin kwanaki.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne su ba imel ɗinsu na kansu izinin buɗe fayil, su ɗauka sun adana shi ke nan. Ba su adana ba. Fayil ɗin yana nan a ƙarƙashin asusun makaranta, kuma ranar da aka goge asusun zai ɓace wa duk wanda aka ba izini. Google ba ya barin a mayar da mallakar fayil daga asusun makaranta zuwa Gmail ɗin mutum. Sai dai a yi kwafi.

Hanya biyu ce. Ta farko Google Takeout, shafin Google na sauke kwafin abin da ke cikin asusu: ki cire alama daga komai, ki bar Drive kaɗai, ko ki ƙara imel in kina buƙata. Zai tattara fayilolin ƙunshi-ƙunshi, ya tambaye ki girman kowane ƙunshi. Ki zaɓi 2 GB, domin filashin da ke kan tsohon tsarin ajiya na FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4 GB, kuma in intanet ta katse, ƙaramin ƙunshi ya fi sauƙin sake saukewa. Mahaɗar saukewar tana mutuwa bayan kimanin mako guda, kada ki bar ta a imel kina cewa sai gobe. Takardun Docs za su fito a matsayin Word, na Sheets a matsayin Excel, tsarin wasu shafuka na iya ɗan karkacewa.

Ta biyu ita ce sashen Transfer na Takeout ɗin, wanda ke kwafe Drive da imel kai tsaye zuwa wani asusun Google. Sai mai kula da asusun makarantar ya buɗe wannan ƙofa, kuma aikin yakan kai mako guda. Ki duba wuri tukuna: asusun kyauta 15 GB ne, kuma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci.

Bayan kwafin, kada ki goge komai sai kin gwada. Ki buɗe fayiloli goma daga folda daban-daban, har da bidiyo ɗaya. In Windows ta ƙi warware wani ƙunshi, sau da yawa tsawon suna ne: folda cikin folda cikin folda har adireshin ya wuce haruffa 260. Ki warware shi a tushen faifan, ba can cikin wata folda ba. Ki ajiye kwafi biyu a wurare daban, ɗaya a intanet ɗaya a faifan waje. Filashi kaɗai ba ma'ajiya ba ce.

Takardun da abokan aikinki ke amfani da su, ki kai su Drive ɗin haɗaka na sashenku, domin abin da ke can na makaranta ne, ba ya bin mutum in ya tafi. Sannan duk shafin da kika yi rajista da imel ɗin makaranta, irin su Canva ko Kahoot, ki canza masa imel yanzu. In asusun ya rufe, saƙon sauya kalmar sirri ba shi da inda zai sauka.

Malamin Lissafi:

Ƙari kan Classroom, Malama. Maki za ki fara fitarwa. A shafin ayyukan ɗalibai akwai zaɓin kwafe duka maki zuwa Sheets ko sauke su a matsayin CSV, wato fayil ɗin jadawali na rubutu zalla. Na fi ba da shawarar Sheets. In an danna CSV sau biyu ya buɗe a Excel, lambar ɗalibi irin 00457 takan koma 457, kuma haruffa masu ƙugiya a sunayen yara, ƙ da ɗ da ɓ, sukan rikiɗe su zama shirme. In dole sai CSV, ki shigo da shi ta sashen Data na Excel, ki zaɓi tsarin haruffa na UTF-8, ki sa layin lambobin ya zama rubutu. Ki kuma fitar da kwafi ɗaya a PDF, saboda shi ba ya sauyawa da kuskuren yatsa.

Daga nan ki mayar wa yara duk aikin da suka miƙa. Muddin ba ki mayar ba, mallakar fayil ɗin tana hannunki, ba ta hannun yaron ba.

Kada ki goge ajin, ki danna Archive. Ajin zai ɓace daga babban shafi, ba mai iya ƙara rubutu, amma komai yana nan ana iya dubawa, ana kuma iya dawo da shi. Gogewa ba ta da gyara. In za ki sake koyar da darasin a makarantar, ki kwafi ajin: ayyukan za su zo a matsayin daftari, babu ranakun miƙawa, babu ɗalibai, babu tsofaffin sanarwa.

Malamar Aji Biyar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Su kuma kwamfutocin, in cika su da caji kafin a kulle, ko a bar su a jone?

Mai Gyaran Na'urori:

Ko ɗaya, Malama. Batirin litiyam ba ya son zama a cike na tsawon lokaci, musamman cikin zafi, yana rage masa ƙarfi. Zama babu caji ya fi muni, don in ya zube ƙasa da wani mataki yana iya ƙin karɓar caji gaba ɗaya. Laftof da tablet a kai su wajen kashi 50, a kashe su kashewa ta gaske, ba rufe murfi ba, domin a yanayin barci suna ci gaba da shan caji. A ajiye su inda babu rana babu laima. Apple ma kashi 50 ɗin take cewa, a wurin da zafinsa bai kai digiri 32 ba.

Chromebook, laftof mai tsarin Google, nasa daban ne. A kai shi kashi 80, a kunna shi yana jone, a danne maɓallin Refresh da na kunnawa tare, a zare caja ana danne da su, sannan a saki. Wannan yana katse batirin. Alamar an yi daidai: ba zai kunnu ba sai an sake jona caja.

Kafin kashewa a bari su gama sabunta manhaja, in ba haka ba ranar dawowa duka za su hau intanet lokaci guda, darasin farko ya tafi a jira. Duk wadda ke kan Windows 10 a rubuta ta a kai wa shugabanni, Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025.

Majigi kada a zare shi daga wuta sai fankarsa ta tsaya, sannan a cire matatar iska a kakkaɓe ƙura, a rubuta awoyin fitila da ke cikin saitinsa. A cire batir daga rimot da linzami, yakan yi yoyo ya cinye ƙarfen ciki. Firinta mai ruwan tawada a kashe ta da maɓallinta don kan bugawa ya koma mazauninsa ya rufe. In da mai shigowa, ya buga shafi ɗaya mai launi duk mako ɗaya ko biyu. Mai garin tawada ba ta da wannan damuwa. Wajen tsaftace na'ura kuma a zuba sinadarin isofurofil mai kashi 70 a kan ƙyalle mai laushi, ba a fesa a jikin na'ura. Kafin a zare wayoyi a ɗauki hoton bayan na'urar, kowace caja a manna mata lambar kwamfutarta.

Mataimakiyar Shugaba:

Hattara da abu ɗaya a maganar kwafi, Malama. Takardun darasinki ki ɗauka, amma maki, hotunan yara, bayanan lafiya da lambobin iyaye ba sa bin ki zuwa asusunki na kanki. Ki ware su kafin ki yi Takeout, ki miƙa wa ofis. Hotunan da ke wayarki ma ki duba Photos, wataƙila sun hau can ba ki sani ba, kuma abin da kika goge a Drive yana kwana 30 a kwandon shara in ba ki zubar ba. A kwamfutar aji ki fita daga asusunki, ki goge kalmomin sirrin da burauza ta riƙe. Zauren WhatsApp na iyaye kuwa, fita kawai ba ta rufe shi: ki cire mutane ɗaya bayan ɗaya, sannan ki fita ki goge.