Tuta Kaɗai Ba Ta Yin Ƙasa: Musayar Baituka Kan Falasɗinu

Ɗan Zazzau:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Tun Satumban 2025 da Ingila da Faransa da Kanada da Ostareliya suka ce sun amince da ƙasar Falasɗinu, abin ke ci mini rai. Babban amsa-amo "ta" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Sarkin da babu mai tuɓewa,
Shi ke bayarwa, shi ke hanawa,
Ya sa mu faɗi gaskiya, mu fahimta.

Wasiƙar Balfo, ministan Ingila, ta 1917,
Ta ce wa Yahudu ga gida kawai,
Ba ta duba ba ko masu gida akwai,
Da kayan wani ba a yin kyauta.

Yau Ingila ta dawo ta yarda,
Shekara 108 kafin ta ba da shaida,
Ƙasa ta tsaya a kan takarda,
Iyaka da ruwa na wani, nata sai tuta.

'Yar Damagaram:
Yaya, kada ka raina shaida, da ita maraya ke cin gado.

Arafat a Aljas, kan kafa ƙasa ya yi shela,
A 1988 ya kunna fitila,
Najeriya da Nijar suka ce madalla,
A shekarar suka amince da ita.

A 2012 aka je Ɗinkin Duniya, babbar Majalisa,
Ƙuri'a 138 suka ɗaga ta bisa,
Kujerar 'yar kallo ce, ba ta kai ta isa,
Amma ta buɗe ƙofar kotu gare ta.

Fiye da dubu 700 aka kora,
A 1948 suka yi hijira,
Da makullin gidan Yafa jikoki ke jira,
Sunan ƙasar ya hana duniya ta manta.

Baba Malam na Kumasi:
Allah ya yi muku albarka. Tsoho ma zai sa baki, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba.

'Ya'yana na ji kuna ta faɗawa,
Amma shari'a sai an ji kowa,
Miliyan 6 Hitila ya kashe Yahudawa,
Ƙofofi a rufe, babu mafita.

Wanda ya tsira ya ce ba ƙari,
Sai ƙasa tasa, da soja, da tsari,
Tsoro ya zauna musu tun fari,
Harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 ya sake hura wuta.

Rai wajen 1,200 a yini guda,
Wannan aiki da shi ban yarda,
Wanda ya yi shi ban ba shi shaida,
Annabi ya hana kashe yara da mata.

Sannan Gaza, Allah sarki Gaza,
Dubun-dubatar rai, mata da maza,
Ga bam, ga yunwa, duniya ta gaza,
Ba uzurin da zai wanke wannan ƙeta.

Ɗan Zazzau:
Baba, na karɓa hannu bibbiyu. Sai dai ga inda gizo ke saƙa.

Baba na ji, kuma ban musa ba,
Tsoron Bayahude ban raina ba,
Amma tsoro bai zama hujja ba,
Ta hana maƙwabci ƙasarsa ya mulke ta.

A 1993 aka sha hannu,
Rabin na Isra'ila da Arafat a gaban idanu,
Yarjejeniyar Oslo ta ce shekara 5, a bi sannu-sannu,
Shekara 30 ta wuce, an kasa kammala ta.

Gaɓar Yamma gida uku aka raba,
Wajen kashi 60 ba a sakar musu ba,
Ginin matsugunan Yahudawa na ta ci gaba,
Mai zaitun sai da izini zai fita.

Kuɗin kasuwa shekel ne, ba nasa,
Harajin kayan shigowa ba ya hannunsa,
In an yi fushi sai a riƙe masa,
Malamin makaranta ya rasa albashin wata.

'Yar Damagaram:
Gaskiya ne Yaya. Amma ta cikin gida ma kada mu rufe ta, ita ta fi yi mini ciwo.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga,
A 2007 'yan'uwa suka ɗau bindiga,
Fatah a Ramalla, Hamas a Gaza ta ja daga,
Gida ɗaya, kujera biyu ta sarauta.

Abbas tun 2005 aka zaɓa,
Wa'adin shekara 4 ne, bai sauka ba,
Ɗan shekara 30 bai zaɓi shugaba ba,
Ƙuri'arsa ce, an hana shi jefa ta.

Baba Malam na Kumasi:

Rabin ya miƙa hannu, aka harbe shi,
A 1995 ɗan ƙasarsu ya kashe shi,
Mai neman sulhu, nasa ne ke tare shi,
A dandalin Tel Abib aka buɗe masa wuta.

A 2024 kotun duniya ta zauna,
Ta ce mamayar ta saɓa doka, ta nuna,
A kwashe matsugunai, a saki gona,
Shawara ce, ba ɗan sandan zartar da ita.

Daga kogi zuwa teku in ka ƙidaya,
Wajen miliyan 7 kowanne, ba mai komawa baya,
Ƙasa biyu, ko ɗaya kowa da ƙuri'a ɗaya?
Ɗan Zazzau, wacce ka gani mafita?

Ɗan Zazzau:

Baba ƙasa biyu, in da hali,
Kan iyakar 1967 ta asali,
Gabashin Ƙudus ya zamo mata mahalli,
Mashigar Rafah makullin a hannunta.

Abin da ke hana ni barci, Baba,
'Yan matsuguni dubu 700 ba su tashi ba,
Ƙanwata, ke ce ba ki faɗa ba,
Ta ina za a bi da igiya a shata ta?